Raƙumar Sallau da Forfe na Kwana Ɗaya

A Dakoro, in ka ga wani dattijo dogo siriri yana tafe kansa a sunkuye kamar wanda ya yar da allura, kada ka ɗauka tsufa ne ko kunya. Sallau mai bin sawu ke nan, ƙasa yake karantawa. Bai taɓa zama a lakwal, makarantar boko, ba, allo ma bai yi nisa ba, amma ka taka rairayi sau ɗaya a gabansa, shi ke nan ya riƙe ka. Yakan gai da mutum tun bai ɗaga kai ba: "Sannu Samba, ƙafa ta yi sauƙi ke nan, na ga ka daina jan ta." Wasu su yi dariya, wasu kuwa su tsargu, don ba kowa ke son a san inda ya bi jiya ba.

Sana'ar gado ce. Ubansa bai bar masa gona mai kirki ba, abu biyu ya bar masa. Na ɗaya, in ka samu sawu mai kyau ka kife shi da ƙoƙo, kada iska ko kaji su ɓata shi. Na biyu, in ka kama sawu kada ka sake shi don komi, sai ka ga ƙafar da ta yi shi. Da wannan Sallau ya yi shekara talatin da ɗoriya yana maido wa mutane shanu da jakai da raƙuma, tun daga Kornaka har Tagriss. Ladan kuwa goro ne, ko damin hatsi, ko ɗan akuya in mai kaya yana da kunya. Duk dabbobin da suka bi ta hannunsa, babba guda ɗaya tak ta taɓa zama tasa.

Abokinsa Intalla, wani Buzu dillalin raƙuma, shi ya ba shi ita ranar da Sallau ya maido masa garke guda da aka kora. Ƴar raƙuma ce ja, tun tana ƙarama ta taka fasasshiyar kwalba, tafin ƙafarta ta gaba ta hagu ya warke da tsaga. Sai ya sa mata suna Tsaga. Kai, ka ga so! Matarsa Halimatu takan ce in da raƙuma na shan shayi, da Malam ya fara zuba mata kafin ya zuba wa baƙo. Ko cikin sawu dubu ne, in na Tsaga na ciki, idonsa can zai faɗa.

Intalla ɗin nan dai shi ya matsa masa ya sayi babbar waya mai shafawa. Ya ce zamani ya wuce tafiyar ƙasa, yanzu in dabba ta ɓata hotonta ake turawa dillalai, a bi da bokal, wato saƙon murya, kafin ɓarawo ya kai kasuwa labari ya riga shi. Sallau ya saya. Abin da bai taɓa shiga kansa ba shi ne forfe, wato damar shiga intanet da ake saye ta ƙayyadadden lokaci. Ka sayi kiredi, katin waya, da kuɗinka, ka juya shi forfe na kwana ɗaya, rezo, wato layin sadarwa, ya ƙi zuwa yini guda, gobe a ce maka abinka ya mutu. "Hatsi in na saya na aje, gobe yana nan," in ji shi. "Wanga wane irin kaya ne da ke ruɓewa tun ba a buɗe shi ba?" Aka ce masa haka kamfani ya tsara. Ya yi tsaki ya ci gaba da saye, kamar kowa.

Ranar da abin ya faru damina ta yi tsaka, Tsaga na da ciki wata tara. Da asuba ya fito ya tarar da dabaibayinta a ƙasa, an yanke shi da wuƙa. Bai yi kururuwa ba. Ya duba ƙasa, ya ga mutum biyu, ɗaya ya hau, ɗaya na ja, sun yi arewa. Ya biya wurin mai sayar da kiredi ya sa forfe, ya tura wa Intalla bokal, ya ɗauki sandarsa da gorar ruwa ya kama sawu. Sawu kuwa raɗau, ƙasa da danshi, ko makaho ya lalluba ya bi.

Da hantsi waya ta yi ƙara a aljihu. Intalla ne ya turo hoto, da bokal a ƙarƙashinsa. Hoton dishi-dishi, ba a gane komi, sai wani ɗan zobe da ke juyawa a tsakiyarsa. Ya danna bokal, shi ma zobe. Ya kira Intalla, wata mata ta amsa da Faransanci, ta sake da Hausa, wai ba a samun wanda ake kira. Can yamma da shi akwai wani tudu inda makiyaya ke hawa neman rezo. Sallau ya tsaya, ya dubi sawu, ya dubi tudu. Ya ce a ransa, in hoton nan ya buɗe, ai ya rage mini wahalar kwana biyu. Allah Sarki, Sallau! Shekara talatin bai taɓa yi ba, ran nan ya saki sawu ya hau tudu.

Zobe ya yi ta juyawa. Ya ɗaga waya sama, ya juya gabas, ya juya kudu wajen dogon ƙarfen nan na kamfani da ake kira antan, wanda ake hango kansa daga bakin gari. Dattijo mai shekara sittin har bisa aduwa ya hau, ƙaya ta yage masa riga. Azahar ta yi, zobe na juyawa. Kafin la'asar hadari ya haɗo daga gabas, aka sheƙa ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da ya sauko ya koma inda ya bar sawu, ƙasa ta yi sumul, ko na ƙadangare babu.

Washegari aka turo masa saƙo, maƙwabci ya karanta masa: forfe ya ƙare. Ya sake sayen wani, shi ma ya mutu a banza. Sai rana ta uku, yana zaune tsakar gida Halimatu na daka, hoto ya buɗe da kansa. Tsaga ce ɗaure a turke, a wata kasuwar dabbobi wajen Rumbu, ga babbar mota a bayanta. Bokal ya buɗe, muryar Intalla ta fito: "Sallau, ga wata kamar taka, amma ban da tabbas, an ƙona mata sabuwar shaida bisa tsohuwar. In ita ce ka zo kafin a watse, masu mota na ciniki." Kasuwar nan kuwa tana kan layin da sawun ya nufa. Da ya ci gaba da tafiyarsa ta ƙasa, da ya isa wajen la'asar.

Ya je duk da haka. Intalla ya riga ya yi arewa da raƙumansa, waɗanda ya tarar suka ce motoci sun yi lodi sun yi kudu, can inda ake yankawa. Sallau ya dawo gida bai ci abinci ba. Halimatu ta ce ba ta taɓa ganin hawayensa ba sai ran nan, ko da ubansa ya rasu.

Kwana biyu bayan haka ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ajans ɗin kamfanin, ofishinsu na cikin gari. Shugaban wurin wani matashi ne, Mushe Yazidu, wato Malam Yazidu da Faransanci, mai takalmi sau-ciki mai walƙiya, zaune ƙarƙashin fanka. Sallau ya ba shi labari tun daga dabaibayi har hoto. Yazidu na saurare yana shafa tasa wayar.

"Baba, forfe na kwana ɗaya ne," in ji shi. "Ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, in rana ta zagayo ya ƙare."

"To rezon da na saya, ina ya tahi?"

"Matsalar na'ura ce. Akwai lambar da ake kira a kai kuka."

"Na kira. Kiɗa suke sa mini."

Yazidu ya yi murmushi, ya dubi masu jiran layi. "To Baba, mi kake so in yi? Raƙuma dai ba ta cikin kwantara, yarjejeniyarmu ba ta ambace ta ba." Wasu suka kwashe da dariya.

Wannan dariya ita ta ƙarasa shi. Sallau bai zagi kowa ba. Ya miƙe, ya fita, ya tsaya bakin ƙofa inda Yazidu ya taka da safe, ya dubi sawun takalmin nan da kyau: dugadugin dama ya fi cin ƙasa, mutumin da bai saba tafiya ba. Ya ce a hankali, "Allah ya kawo ranar da za ka nemi abu a wurina."

Daga ran nan ya ƙulla gaba da kamfani, gaba ta gaske, irin wadda ake kwana da ita a tashi da ita. Ya kashe waya ya cusa ta can ƙasan rumbu. In hanya ta bi da shi gindin antan sai ya tofa yawu. Ya kafa doka a gidansa: duk zancen da ya fito daga cikin waya kada a kawo masa, ko na rasuwa ne. Halimatu ta ce, "Malam, ƙarfe kake gaba da shi? Ai bai san kana yi ba." Ya ce, "Zai sani."

Aka yi girbi, sanyi ya shigo. Wata safiya gari ya tashi ba rezo ko ɗigo. Ashe ɓarayi sun ɗaure mai gadin antan, sun kwance batura da faifan hasken rana, sun yi daji da su. Mota ba ta bin irin hanyar da suka bi. Kowa aka tambaya sai ya ce mutum ɗaya ne zai iya. Hantsi bai yi ba sai ga Mushe Yazidu a ƙofar gidan Sallau, da ƙullin goro da sukari, ya tsuguna har ƙasa.

"Baba, ka taimaka. Manyana na Yamai sun ce in kayan nan ba su dawo ba, ni zan amsa."

Wayyo daɗi! Sallau ya ji wani sanyi ya ratsa shi tun daga ƙirji har yatsun ƙafa. Ya bar shi a tsugune, ya gama shan fura tukuna. Sa'an nan ya ce, "Ɗana, aikina na yini ne. Daga yanzu zuwa faɗuwar rana, a biya tun kafin a tashi. Kuma al'adarmu, mai kaya shi ke bin bayan mai sawu, da ƙafa. Mota na ɓata ƙasa." Yazidu ya ce ya yarda da duka.

Niyyar Sallau da farko ya je ya ƙare wa wurin kallo, ya ce ƙasa ta ɓaci, ya dawo. Ya shiga cikin shingen antan, ya sa kowa ya tsaya waje. Mutum uku, raƙuma biyu, sun durƙusar da su nan aka yi lodi. Ya matsa kusa da inda ta biyun ta yunƙura ta tashi, sai ya tsaya cak. Ƙafar gaba ta hagu, da tsaga. Ya durƙusa ya shafa gefen sawun da yatsa. Ita ce, wallahi ita ce, ba a yanka ta ba! Kuma ga wani ɗan sawu ƙarami dab da nata, bai kai bakin kofin shayi biyu ba, yana bi yana tuntuɓe. Ta haihu. Sawunta ya nutse ƙwarai, alamar kaya ya yi mata nauyi. Tsinannu, mai jego suka ɗora wa ƙarfe, ƙarfen ma na kamfanin da ya raba shi da ita.

Ya ciro ƙoƙo daga jakarsa ya kife sawun uwa da na ɗa wuri guda, ya danna shi cikin ƙasa. Yazidu ya leƙo ta shinge. "Baba, an samu?"

Nan fa zuciya ta rabu biyu. Sawu ya fita ta arewa, ya hau burtali, hanyar da aka ware wa dabbobi tsakanin gonaki. In ya bi shi yanzu, kafin gobe yana riƙe da akalar Tsaga. Amma in ya bi shi da Yazidu a baya, batura sun dawo, antan ya tashi, a yaba wa Mushe, a ƙara masa girma. Shi Sallau da ƙafarsa ya yi wa kamfani wannan hidima? Tir! Ya lissafa: rani ne, ba ruwan sama, sawu mai nauyi irin wannan yana kwana uku bai gushe ba. Yau ta Yazidu ce, gobe da asuba ya bi raƙumarsa shi kaɗai, batura kuwa su ruɓe inda aka ɓoye su.

"An samu," in ji shi. "Gabas suka yi."

Abin da ya bi gabas sawun jakan wasu mata masu itace ne, amma ina Yazidu zai sani? Sallau ya zaɓar masa hanya kamar mai zaɓen nama a kasuwa. Duk inda ƙarangiya ta fi kauri, nan suka ratsa. Duk tudun da rairayinsa ke zurma ƙafa, sai sun hau sun sauka. Kafin azahar wandon Mushe ya zama bushiya, takalmi mai walƙiya ya cika da ƙasa, dugadugin dama ya fashe. In ya ce a huta, Sallau ya ce sawu na hucewa. In ya tambaya ko an kusa, Sallau ya ce, "Yana juyawa, ɗana, yi haƙuri, yanzu zai buɗe." Can ya duƙa ya ɗauki kashin jaki ya murza, ya sunsuna, ya gyaɗa kai kamar ya ga abin kirki. Da la'asar Yazidu ya tuɓe takalman ya rataya a wuya, yana taka ƙasa yana cije leɓe. Sallau na gaba, bai waiwaya ba, amma kunnensa na baya, kowane "wash" yana shiga masa kamar zuma.

Rana ta taɓa ƙasa suna tsakiyar wata gona da ba kowa. Sallau ya tsaya cak, ya saɓa sandarsa a kafaɗa.

"To, Mushe, yininka ya ƙare."

"Ya ƙare kamar yaya? Ba mu ga komi ba!"

"Na yini ɗaya ka saya. Ko ka yi amfani da shi ko ba ka yi ba, rana ta faɗi."

Yazidu ya buɗe baki ya kasa rufewa. Sai yanzu ya gane fuskar. Ya zaro waya zai kira direbansa, ya ɗaga ta sama, ya juya gabas, ya juya kudu. Babu rezo.

"Akwai lambar da ake kira a kai kuka," in ji Sallau. Ya aje masa gorar ruwa, don shi ba mai kisan kai ba ne, ya nuna masa inda hanyar mota take, ya juya ya kama hanyar gida. Ya shiga gari yana ƴar waƙa, abin da rabonsa da yi tun damina. Tuwo ma sai da ya nemi ƙari.

Da asuba ya idar da salla, yana ɗaura gora, sai ya ji ƙasa na gunji. Kukan shanu, kukan tumaki, ihun makiyaya, daga arewa.

"Halimatu, mi ke nan?"

"Dabbobi ne, Malam. Yau aka saki gonaki."

"Yau? Ai sai bayan sati biyu!"

"An matso da ranar. Tun satin jiya ake ta tura bokal, kowa ya ji." Ta sunkuyar da kai. "Kai ka ce kada a kawo maka zancen waya."

Duk garken da suka yi watanni suna jira a kwarin Tarka, ranar da hukuma ta ce an kwashe amfanin gona su shigo su ci kara, ta burtali suke gangarowa. Sallau ya fita da gudu, takalmi ɗaya a ƙafa. Ya iske burtali ya cika maƙil, shanu kai da kai har iyakar gani, tun tsakar dare suke wucewa. Ya kutsa cikinsu yana ture su da sanda, yana duban ƙasa, makiyaya na yi masa tsawa. Ƙasar ta zama gari. Kwana huɗu ya yi yana bin burtali har Tarka, rijiya bayan rijiya, yana tambaya, yana rarrafe a gefen hanya ko Allah ya sa ta ratse ta taka wuri mai tauri. Bai samu ko rabin sawu ba.

Ranar da ya dawo ya tarar da babbar mota a gindin antan, an kawo sababbin batura daga Maradi. Kafin magariba wayoyin gari suka hau ƙara. Kamfani ko gezau. Yazidu ya yi kwana goma yana ɗingishi da silifa, daga baya ya koma cikin takalminsa ƙarƙashin fanka. Ƙoƙon kuwa yana nan inda aka kife shi, mai gadi ya hana leburori taɓawa don ya ɗauka wani asiri ne. Sallau, mutumin da ke tofa yawu a wurin, sai ga shi kullum da safe yana sallama a bakin shinge, a buɗe masa, ya durƙusa ya ɗaga ƙoƙo ya duba. Haka ya yi ta yi har damina ta zo ruwa ya shiga ta ƙarƙashi.

Shekara uku ke nan. Har yau in aka tsokane shi da zancen a majalisa, sai ya gyara zama ya ba da labarin ƙarangiya da takalmin Mushe, ya kwaikwayi yadda ya ɗaga waya sama, a yi ta dariya har da hawaye. Ya ce ko yau aka sake, sai ya ƙara masa tudu biyu. In wani marar hankali ya ce, "To raƙumar fa, Baba?" sai ya tashi ya kaɗe riga.

Ba kasuwar dabbobin da ba ya zuwa, kansa a sunkuye. Intalla ya ce ba Tsaga kaɗai yake nema ba yanzu. Ɗan da bai taɓa gani da ido ba, ya haddace sawunsa, kuma ya san yadda ƙafar raƙumi ke buɗewa kowace shekara. Halimatu takan same shi tsakar gida da hantsi, ya share ƙasa da tafin hannu, yana zana ɗan da'ira da yatsa, ya goge, ya ƙara mata faɗi kaɗan. Rannan ta tsaya a kansa da ƙwaryar fura, bai ɗago ba.

"Bana ya kai nan," in ji shi, ya ɗora hannunsa a ciki, yatsu a buɗe. "Ya isa a fara koya masa akala."